Wata a Gida na Takwas

Litinin, 13 ga Janairu

Sakamako ya fito. Ƙullutun da ke nonon ƙanwata Auta ba kitse ba ne kamar yadda muka yi ta faɗa wa juna. Ciwon daji ne. Likita ya ce an yi sa'a, ƙarami ne, bai kai ko'ina ba tukuna, a cire shi ranar ashirin ga Fabrairu.

Ina shago ta kira ni, ina tsaka da ɗaure wa wani tsoho ƙusar tabarau. Ƙusar ta faɗi ƙarƙashin teburin gilashi, har na tashi ban gan ta ba.

Da ta gama kuka, abin da ta fara cewa: "Yaya, ki duba mini." Da ma na san za ta ce.

Talata, 14 ga Janairu

Na buɗe taswirar haihuwarta. Ba yau na fara ganin ta ba, ita ce ta farko da na zana lokacin da na faɗa karatun taurari, bayan aurena ya mutu na rasa abin yi da yammacina. A kanta na koyi komai. Da'ira ce an yanka ta gida goma sha biyu, kowane gida da sha'aninsa, na dukiya, na 'ya'ya, na aure, na ciwo. Taurari 'yan haya ne, kowanne da gidan da haihuwar mutum ta same shi a ciki. Sai kuma irin kallon da suke yi wa juna. Littafin yana da sunayensa masu nauyin baki, ni na sa musu nawa: murmushi, harara, ido cikin ido, zaman ɗaki ɗaya.

Watan Auta, na sama nake nufi ba na kalanda ba, yana gida na takwas. Gidan mutuwa da wuƙa ke nan. Kuma ɗaki ɗaya yake zaune da tauraron Zuhal, tsohon nan mai sanyin hannu da ba ya ba da komai sai ya karɓi biyu. Wata shi ke riƙe da ƙirjin mace. Shekara shida ina kallon wannan zaman ina kau da kai.

Ranar haihuwar ba daga takarda na samo ba, takardarta ɗaya ga Janairu aka rubuta kamar ta kowa a gidanmu. Ni na tuna makon, don ina da shekara goma sha ɗaya, makon da aka koma makaranta ne. Inna, Allah Ya jiƙan ta, ita ta ce mini daren Juma'a ne, an idar da isha'i ke nan. Na nemo kalandar shekarar na ɗauki Juma'ar. Ban taɓa samun taswirar da na yarda da ita kamar wannan ba.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na ɗora tafiyar taurarin bana a kan taswirar.

Mirriku, jan tauraro, mai ƙarfe da jini da zazzaɓi, yana ja da baya. Zai zo ya tsaya cak a saitin Watan Auta, ido cikin ido, a makon da suka sa aikin. Ba wucewa zai yi ba, zama zai yi. Ba zai kau da ido sosai ba sai bayan tsakiyar Afrilu.

Na sake lissafin da hannu ko wayar ce ta yi shirme. Ba ta yi ba.

Ba boka ba ce ni. Ban ce na san gaibu ba, Allah Ya tsare. Lissafi ne, kamar yadda nake auna tsakanin idanun mutum kafin a yanka masa gilashi. Wanda ya ga rami ya yi shiru ai shi ma da laifinsa.

Lahadi, 19 ga Janairu

Gidan Auta. Na baza takardar a kan teburin falo, tsakanin kofuna da kayan wasan 'yarta. Na nuna mata Wata, na nuna mata Zuhal, na ja layi da biro daga Mirriku. Na ce wata biyu kawai. Ƙullutun da ya yi shekara yana zaune, wata biyu ba za su ƙara masa komai ba.

Injiniya, mijinta, yana tsaye a bakin ƙofa da kayan aikinsa. Tun da can ba ma shiri a kan wannan. Shi ya sa wa karatuna suna bugun ƙasar 'yan boko. Yau bai yi zolaya ba.

"Yaya, da girmanki. Likita ya ce ashirin ga wata."

Na ce likitan da Auta ta tambaye shi ko ciwon zai dawo ya ce bai sani ba? Mutum ya yi shekaru yana karatu ya ƙare da ban sani ba. Ni ko kuskure zan yi gara in faɗi abin da na gani.

Auta ta yi 'yar dariya, ta farko tun Litinin. Ta ce tun tana goye a bayana ba ta taɓa jin na ce ban sani ba, ko hanyar da ban taɓa bi ba aka tambaye ni sai na nuna. Shi ya sa take kira na Uwar Sani.

Injiniya ya ce mata, "Ke fa za a yanka, ba ita ba. Ke za ki zaɓa." Ta kalle ni. Ya fita bai ci abinci ba.

Talata, 21 ga Janairu

Ta kira asibiti ta ɗage. Matar da ta ɗauka ta ce ba ta yi alkawarin samun wata rana da wuri ba, layi ne. Auta ta ce ta ji.

Na ji daɗi. In rubuta gaskiya, har da daɗin cewa maganata ta bi ba tasa ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Injiniya ya zo shago. Ya tsaya gaban allon haruffan gwajin ido kamar mai son karantawa. Mai shago ya ɗauka kwastoma ne, har ya jawo masa kujera. Roƙo ya zo yi. Ya ce kalma ɗaya daga bakina ta isa. Ya ce bara da na ce za a canza masa wurin aiki kuma aka canza, kowa a kamfanin ya san za a yi.

Na ce ni na raine ta tun kafin ya san akwai ta a duniya. Bai kamata in faɗi haka ba, amma ya ƙure ni.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Yau ce da an yi aikin. Mirriku na nan a tsaye, ko motsi. Na kai mata lemo da ayaba, muka zauna a baranda tana tsefe wa yarinya kai. Tana nan da ranta, tana faɗa a kan matajin da ya ɓata. Na kalle ta na ce a raina, ni na tsallakar da ke.

Lahadi, 9 ga Maris

Ta kama hannuna ta ɗora a wurin. Ƙullutun ya girma. Da kamar ƙwayar gyaɗa ne, yanzu yatsu biyu ba sa rufe shi. Kuma bayanta na ciwo in ta sunkuya.

Na ce Mirriku ne ke hura shi, in ya matsa zai lafa. Ciwon baya kuwa wace uwa ce ba ta yi.

A mota ina dawowa hannuna yana ta ɗumi, kamar har yanzu yana wurin.

Laraba, 26 ga Maris

Saura kaɗan. Na gaji da ƙirga darajojin da suka rage wa Mirriku ya matsa.

Talata, 22 ga Afrilu

Mirriku ya wuce. Na kira ta tun da safe na ce hanya ta buɗe, har Mushtari, tauraron sa'a, yana yi mata murmushi daga gefe. Ta kira asibiti. Sun ce tunda an daɗe sai an sake hoto da gwaje-gwaje daga farko. Sun ba ta tsakiyar Mayu.

Wannan ba lissafina ba ne. Ni Afrilu na ce.

Laraba, 14 ga Mayu

Ciwon ya kai ƙashin baya. Ya taɓa hanta. Ba maganar yanka yanzu, sai ƙarin ruwan magani, a ga abin da Allah zai yi.

Mu uku a ofishin likita, kujera biyu. Ni na tsaya. Auta ba ta yi kuka ba, tana ta naɗe bakin mayafinta a yatsa tana warwarewa. Injiniya ya tambayi abin da ya kamata a tambaya, sau nawa, yaushe, me za ta ci. Ko sau ɗaya bai waiwayo inda nake ba.

Na tare likitan a baranda. Na ce da an yi a Fabrairu fa? Ya cire tabarau ya murza ido. Gilashinsa duk ya karce, ban san me ya sa na lura ba. Ya ce, "Hajiya, ban sani ba. Wataƙila ya riga ya fita tun lokacin ba mu gani ba. Wataƙila da mun riga shi." Na so ya zaɓi ɗaya. Ko wanne.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na zauna da taswirar. Wata da Zuhal a gida na takwas, tun ranar da ta faɗo duniya. Ashe ba ƙarya na gani ba. Abin a rubuce yake, a yanka ko kar a yanka. Da an yi a Fabrairu wataƙila ko daga kan gadon aikin ba za ta sauko ba. Wata uku na saya mata da 'yarta.

Haka ne. Dole haka ne.

Talata, 3 ga Yuni

Ruwa na biyu. Gashi ya fara bin mataji. Ta ce in aske mata gaba ɗaya kafin yarinya ta gani a kan matashi. Na shimfiɗa tsohon zane a banɗaki na yi da injin askin Injiniya. Akwai tabo a ƙeyarta, na faɗuwar da ta yi daga bayana tana shekara biyu. Na manta da shi.

Ta ce, "Yaya, yaushe Zuhal ɗin naki zai gaji?" Na ce shi ba ya gajiya, amma Mushtari na tafe. Ta ce to Allah Ya kawo shi da wuri, ya hau mota.

Asabar, 14 ga Yuni

Gwaggo ta zo dubiya. Ƙanwar Baba ce, ita kaɗai ta rage mana a manya, kunne ya yi nauyi amma baki sai hamdala. Ta zauna bakin gado tana matsa wa Auta ƙafa tana zuba labari, wanda ya mutu, wanda ya yi aure, wanda ya kamata ya mutu bai mutu ba. Auta na lumshe ido. Ni ina ninke kaya.

Sai ta shiga labarin haihuwar. Wai Auta ta fito kamar ɗan tsako, kowa ya ce ba za ta kwana ba. "Da safe aka aiko mini. Ni na yi miki wankan farko. Ban gama shafa miki mai ba ubanku ya leƙo da farar riga zai tafi masallacin Juma'a, ya ce a yi mini addu'a ko na dawo na same ta."

Na ce Gwaggo, Asabar dai. Daren Juma'a aka haife ta, washegari Asabar.

Ta kalle ni kamar na yi mata Turanci. "Daren Juma'a ai shi ke wayewa Juma'a, 'yar nan. Rana in ta faɗi ranar Alhamis, Juma'a ta shiga. Ke da kika yi boko har kin manta?"

Ban manta ba. Wannan ne abin. Tun ina yarinya na sani, Inna na kunna turare ranar Alhamis da magariba tana cewa daren Juma'a ne. Amma ranar da na zauna da waya, akwatin kwanan wata a gabana, na ji Juma'a na danna Juma'a.

Na ci gaba da ninke kaya. Riga ɗaya na ninke ta na warware ban san sau nawa ba. Idon Auta a rufe.

Lahadi, 15 ga Yuni

Na mayar da ranar Alhamis.

Rana ba ta motsa ba sai kaɗan. Zuhal yana inda yake, shi kaɗai a gida na takwas, kamar yadda yake a taswirar dubban mutanen da ke yawo lafiya lau. Gidajen ma ba su canza ba tunda lokacin ɗaya ne. Wata ne kawai. Shi ne mai sauri, a kwana ɗaya yana cin tafiyar da Zuhal ke yi a shekara. Ya koma baya, ya fita daga ɗakin Zuhal, ya fita daga gida na takwas. Yana gida na bakwai.

Na ɗora Mirriku na bana. Ya wuce saitin wannan wurin tun Satumbar bara, bai sake komawa ba. Ranar ashirin ga Fabrairu babu wanda ke hararar Watan Auta. Fes.

Gida na bakwai gidan miji ne. Littafin ya ce mai Wata a nan, kwanciyar hankalinta da lafiyarta suna hannun abokin zamanta. Da wata ce ta kawo mini wannan taswirar da na ce mata, baiwar Allah, ki bi maganar mijinki.

Shekara shida ina karanta wata mace da ba a haifa ba a gidanmu. Duk abin da na ce ya yi daidai da Auta, saurin kukanta, tsoron duhunta, riƙon da take yi wa mutum, duk na gan su a taswirar wata ce. Yanzu na duba ta Alhamis, nan ma ina ganin su. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Na yi amai a wurin wanke kwanuka.

Laraba, 18 ga Yuni

Wata kwastoma da na taɓa duba wa taurari ta zo da lokacin haihuwar jikanta a bayan rasit. Na ce yau aiki ya yi yawa. Shagon babu kowa sai ni da ita da ƙuda.

Asabar, 28 ga Yuni

An kwantar da ita. Ƙafafu sun daina ɗaukarta sosai. Ɗaki mai gado huɗu, nata na jikin taga, labulen ya tsinke daga ƙugiya biyu. Ni da Injiniya muna karɓa-karɓa, shi safe kafin aiki, ni yamma. A bakin ƙofa muke haɗuwa. Yakan ce ta ci cokali kaza, ta yi amai, an canza ruwa. Yau ya miƙo mini filas ya ce, "Akwai shayi, Yaya, ki sha." Da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na yi niyyar faɗa masa. Na buɗe baki na ce a gaida yarinya.

Laraba, 2 ga Yuli

Ko da ranar ta yi daidai, to sai me. Da an yi sa'a ne kawai na ce a yanka. Ba na son bin wannan tunanin, ban san inda zai ajiye ni ba.

Alhamis, 10 ga Yuli

An kira magariba ina zaune gefenta. Juma'a ta shiga ke nan, a lissafin Inna.

Yau ta ɗan samu kanta. Ta sha ruwan lemo, ta sa na ɗaga mata matashi. Ina shafa mata mai a ƙafa, ƙafar duk ta zama ƙashi, sai ta ce, ba tare da ta buɗe ido ba, "Yaya, ashe ni 'yar Alhamis ce."

Hannuna ya tsaya.

Ta ce ta ji Gwaggo ranar. Ba barci take ba. Ta ce ta jira in yi magana, ta ga na kasa, har tausayina ya kama ta. Na fara cewa Auta, ki ya... ta ce in bari. Wai ita ma tsoron wuƙar take ji, da ma neman wanda zai ce mata ta jira take yi, sai ga ni. Ban karɓa ba. Ƙanwa ce, tun tana ƙarama in na fasa kwano ita ke cewa mu biyu muka fasa.

Ba ta tambaye ni abin da ta Alhamis ɗin ta ce a kan Fabrairu ba. Ina jin ta gani a fuskata.

Can ta buɗe ido. "To, Uwar Sani. Tsakani da Allah. Zan tashi?"

Wayar tana cikin jaka a ƙarƙashin gado. Na san inda Mushtari yake yau ko ban duba ba, zan iya haɗa mata magana mai daɗi a tsaye. Bakina har ya ɗauko.

Na ce, "Ban sani ba, Auta."

Sai ta yi dariya, irin mai ciwo, tana dafe da haƙarƙari. Ta ce Allah Ya nuna mata wannan ranar da ranta, saura ta ba Injiniya labari, ba zai yarda ba. Ta ce in ci gaba da ƙafar hagu, ita na bari.

Na ci gaba. Ta yi barci hannunta a kan wuyan hannuna.

Da na fito, Wata yana saman wurin ajiye motoci, ya cika. Na gan shi. Ban tsaya lissafa gidan da yake ba. Ba wai na daina ba ne, gajiya ce kawai, kuma gobe da sassafe zan kai yarinya makaranta, Injiniya ya roƙe ni.